Fumfuna A Gidajen Haya Na Paspanga: Wa Ke Da Alhakin Gyara, Mai Gida Ko Ɗan Haya?

Duk shekara idan damina ta yi nisa, musamman cikin watan Agusta da ruwa ya fi sauka a Wagadugu, koke-koken da muke samu a gidan rediyo daga 'yan'uwanmu mazauna Paspanga da kewayenta kusan iri ɗaya ne. Wannan ya ce bangon ɗakinsa ya yi baƙi daga ƙasa har zuwa gwiwa, wancan ya ce tari ya ƙi barin yaransa, wata kuma ta ce katifa da kayan sawa duk sun ɗauki wari. A daminar da ta wuce wani ɗan kasuwa ya shaida mana cewa ya kulle ɗakin da yake haya ya tafi Sinkansi saro kaya, bayan mako uku da ya dawo sai ya tarar da turamen atamfar da ya jingine a bango duk fumfuna ta hau su. Da ya je wurin mai gida, amsar da ya samu ita ce, “Alhaji, ai kai ka rufe ɗaki ka yi tafiyarka.” Shi kuwa cewa yake tun bara ya nuna wa mai gidan inda kwano ke yoyo. Abin tambaya a nan shi ne, tsakanin mutanen nan biyu wa ke da gaskiya?

Kafin mu amsa, ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi matsalar ta yi katutu a wannan yanki. Paspanga tana cikin tsofaffin unguwannin tsakiyar birni, kusa da madatsun ruwan nan na Wagadugu da babban asibitin Yalgado, saboda haka ƙasar wurin ba ta rabo da laima da zarar damina ta kankama. Idan ba a manta ba, ranar 1 ga Satumba 2009 an tafka ruwan da ya haura milimita 260 cikin yini guda, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da birnin kan samu a shekara. Mutane wajen 150,000 abin ya shafa, gidaje fiye da 24,000 suka rushe, har asibitin Yalgado ruwa ya mamaye. Paspanga da maƙwabciyarta Dapoya suna cikin unguwannin da suka ji jiki. Da yawa daga cikin ɗakunan da ake haya a yau, ko dai sun sha wancan ruwa aka yi musu kwaskwarima, ko kuma an sake tayar da su cikin gaggawa a kan tsohon tushe.

Daɗin daɗawa, masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa. Tun a 2003 da aka rushe Zangwetin, tsohon zangon Hausawa, tare da wasu unguwannin tsakiyar gari saboda shirin ZACA, masu takardar fili aka fi yi wa lissafi, 'yan haya kuwa kowa ya kama gabansa yana neman inda zai raɓa kusa da kasuwa. Ƙidayar 2019 ta nuna mazauna Wagadugu sun doshi miliyan 2 da rabi, sa'annan a 2023 hukumomi suka ƙidaya sama da mutum miliyan 2 da rashin tsaro ya raba da gidajensu a faɗin Burkina Faso, wasunsu birane suka nufa. A irin wannan hali mai gida ba ya jin tsoron ɗakinsa zai zauna babu kowa. Idan ka yi ƙorafin laima, dillali yana da mutum uku a bayanka da kuɗinsu a hannu.

Wasu na ɗaukar fumfuna a matsayin ƙazanta kawai, a goge ta wuce. Lamarin ya fi haka. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan laima da fumfuna cikin gidaje, inda ta bayyana cewa mazauna irin waɗannan ɗakuna sun fi fuskantar tari, da ciwon ƙirji, da tashin asma. Yara ƙanana da tsofaffi su suka fi shan wahala. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak ya rasu a Disamba 2020, kuma binciken kotu na 2022 ya tabbatar da cewa fumfunar gidan hayar iyayensa ce ta yi sanadi, bayan mahaifinsa ya daɗe yana kai kuka ba a saurare shi ba. Wannan ya sa aka yi dokar da ake kira da sunan yaron, wadda ta fara aiki a Oktoba 2025, ta ɗora wa hukumomin da ke ba da hayar gidajen masu ƙaramin ƙarfi wa'adin da za su duba su kuma gyara.

Ga ɗan kasuwa kuma akwai asara ta biyu. Da yawanmu ɗakin kwana shi ne sito. Gyaɗa da masara idan suka sha laima, wata irin fumfuna kan haifar musu da dafin da likitoci ke kira afalatoksin, mai lalata hanta, wanda dafuwa ba ta kashe shi. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta kamu da wannan dafi. Ke nan buhun da aka ajiye a ƙasa cikin ɗaki mai laima a Paspanga, aka loda shi zuwa Bitu ko Kancari, cutarsa za ta iya isa tukunyar mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

To, mu koma kan tambayarmu. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin fumfuna suna yawo cikin iska ko'ina, ba mai iya korar su, amma ba sa tsiro sai inda suka sami laima, kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe su su kama jiƙaƙƙen abu. Saboda haka a ganinmu gardamar wa ya fi wani tsabta ɓata lokaci ce. Abin da za a bincika shi ne ta ina ruwan ya shigo, domin amsar wannan ita ke nuna mai alhaki.

Ruwa kan shiga ɗaki ta hanya uku. Akwai na sama: kwano da ya huje, ƙusa da ta saki, indararo da ya karye yana zuba a jikin bango, ko taga da ba a ɗaura da kyau ba. Akwai na ƙasa: tsakar gida da ta fi titi zurfi, kwata da ba ta da mafita, masai ko ramin wanka da aka haƙa dab da bango, da tushen ginin da ke tsotso laima yana hawa da ita sama. Alamarsa ita ce zanen laima a gindin bango, da farin gishiri-gishiri, da fenti mai kumbura yana ɓarewa. Hasali ma ɗakin tubalin ƙasa da aka shafe da siminti ciki da waje ya fi haɗari, domin simintin kan riƙe laimar a ciki, bangon na ruɓewa ido bai gani ba. Waɗannan biyun, na sama da na ƙasa, matsalar gini ce, kuma gini na mai gida ne.

Na ukun shi ne ruwan da mu 'yan haya muke tarawa da kanmu. Girki cikin ɗaki idan ana ruwa, shanya jiƙaƙƙen wanki a ciki, randa ko jarka mai tsiyaya, toshe 'yan ramukan iska da tsumma ko kwali saboda sauro da ƙura, mutum bakwai a ɗakin da aka gina don biyu, da jibge kaya a jikin bango ta yadda iska ba ta ratsawa. Wannan kam ba za mu ɗora wa kowa ba. Gaskiya ɗaya ce, wani lokaci mai gida ya yi nasa, mu ne muke rusa aikin.

Idan muka auna labarin mai atamfa da wannan ma'auni, za mu ga kowa yana da kasonsa. Yoyon kwano na mai gida ne tun ranar da aka sanar da shi. Jingine turame a bango da kulle ɗaki mako uku cikin Agusta ba tare da barin wa kowa makulli ba, wannan sakacin ɗan haya ne. Sai dai da aka ce ya kawo shaidar cewa ya taɓa sanarwa, ba shi da ko ɗaya, domin a bakin ƙofa suka yi maganar, daga shi sai mai gida.

A nan ne doka ta shigo. Ba yau gwamnati ta fara sa baki a harkar haya ba. Dattawanmu na tuna yadda marigayi Thomas Sankara ya ce ba za a biya kuɗin hayar gidan kwana ba a duk shekarar 1985. 'Yan haya sun yi murna, amma wannan mataki bai ce komai ba game da wanda zai gyara kwano. Ranar 22 ga Disamba 2015 majalisar riƙon ƙwarya ta zartar da doka mai lamba 103-2015 a kan hayar gidajen kwana, wadda ta tanadi a rubuta yarjejeniya, a kuma duba halin da ɗaki yake ciki lokacin shiga da lokacin fita. A 2018 aka fitar da ƙudurin da ya rarraba ayyukan gyara tsakanin ɓangarorin biyu. Ginshiƙin rabon tsoho ne, yana cikin kundin dokar da ƙasar ta gada daga Faransa: manyan gyare-gyare na mai gida ne, ƙananan na yau da kullum na ɗan haya, kuma abin da tsufa ko bala'i ya lalata ba a ɗora wa ɗan haya.

Masu hayar shago ko sito kuwa, dokar kasuwanci ta OHADA ce ke kansu, wadda aka sabunta a Lome a 2010, kuma ta haɗa ƙasashe 17 ciki har da Burkina Faso, Nijar, Benin, Togo da Mali, amma ban da Gana da Najeriya. Wannan doka ta lissafa manyan gyare-gyaren da ke wuyan mai gida, daga ciki akwai manyan bangaye, da rufi, da katanga, da ramin masai, da ramin tsotse ruwa. Ta kuma ce idan ya ƙi, ɗan haya na iya neman izinin kotu ya yi aikin a kan kuɗin mai gida. A lura da kyau, izinin kotu aka ce. Wanda ya yi fushi ya daina biyan haya da kansa, ya miƙa wa mai gida sandar da zai doke shi da ita.

Matsalarmu a zango ita ce mun saba da cinikin baki. Mutum zai rubuta bashin goro kwarya biyu a littafi, amma ɗakin da iyalinsa ke kwana sai ya ce ai akwai amana, kunya ba za ta bar shi ya nemi takarda daga dattijo ba. Rubutu ba ya kore amana, kiyaye ta yake yi, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Su ma masu gida da dillalai su ji tsoron Allah. Shafa sabon fenti a kan bango mai laima cikin rani don a ruɗi mai nema, ba shi da bambanci da zuba ruɓaɓɓen wake a gindin buhu a rufe da mai kyau. A kasuwa algus muke kiran wannan, kuma malamanmu kullum suna gargaɗi a kan ɓoye aibin kaya.

Tun ran gini ran zane. Mai neman ɗaki, musamman lokacin hunturu da komai ya bushe, ya duba gindin bango, ya ɗaga kai ya ga ko silin yana da tabo, ya shinshina, ya tambayi maƙwabta inda ruwa ke tsayawa cikin Agusta. Ya ɗauki hoton kowace kusurwa da wayarsa a gaban mai gida da shaidu biyu. A rubuta wa zai gyara rufi, cikin kwana nawa bayan an sanar, kuma idan ɗan haya ne ya fitar da kuɗi da yardar mai gida, ta yaya za a cire daga haya. Duk sanarwar yoyo a yi ta a rubuce ko ta saƙon murya na WhatsApp, a adana.

Bayan an shiga, a riƙa buɗe ƙofa da taga idan rana ta fito, a bar tazarar taƙi guda tsakanin kaya da bango, a ɗora buhuna da diloli a kan katako. Mai tafiya fatauci ya bar makulli wurin amintacce. Ƙaramar fumfuna a kan siminti ana wanke ta da sabulu ko ruwan jabel da aka sirka, taga a buɗe, hanci a rufe, yara a waje, kuma kada a gauraya jabel da wani maganin wanki. Amma a sani, muddin ba a toshe hanyar ruwan ba, za ta dawo. Yaron da tarinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita halin da ɗakin yake ciki.

A ƙarshe muna kira ga sarakunan zango, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da su tanadi takardar haya mai sauƙi cikin Hausa da Faransanci, su riƙa zama shaidu, su kuma sa a zagaya gidajen haya cikin watan Mayu kafin ruwa ya sauka sosai. Ma'aikatar magajin gari ita ma ta yashe magudanun ruwa a kan lokaci, mu kuma mu daina zuba shara a cikinsu. Mai gida ya tuna cewa laimar da ke cin kayan ɗan haya ita ce ke cin bangonsa, kuma kuɗin kwano biyu a watan Mayu bai kai na tayar da ɗaki a watan Oktoba ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrinta, amin.