Ra'ayinmu: Jirgi mai allon da ake ɗagawa, da ruwayenmu masu hawa da sauka

Kogin Atbara a wajejen Gallabat kogi ne mai hali biyu. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan tsaunukan Habasha kan sauko masa jajawur da laka, da rani kuwa sai ya janye ya bar yashi da 'yan tafkuna. Tun da aka buɗe madatsar Atbara ta Sama da Setit a 2017, jihar Gadarif ta samu babban tafki wanda gaɓarsa ke matsawa gaba da baya kowace shekara. Masuntan Kainji da Goronyo da Tafkin Chadi sun san wannan hali. Shi ya sa tambayar da masu sha'awar jiragen ruwa ke yi ta cancanci a duba ta da natsuwa: shin jirgi mai tafiya da ƙyallen iska, wanda ake iya ɗage allon ƙarƙashinsa, zai amfane mu?

Ga yadda abin yake. Iska ba gaba kaɗai take tura jirgi ba, tana kuma ture shi gefe, tana neman kwantar da shi. Maganin haka shi ne wani allo mai nauyi, na ƙarfe ko dalma, da ake kafawa a ƙasan jirgin. A jirgin yawo mai tsawon mita 12, allon kan nutse wajen mita 2, don haka ba ya kusantar ruwa mara zurfi. Sai maƙera suka yi wa allon kube a cikin jirgin: yana lilo a kan wani ƙaton ƙarfe, ana janye shi sama da igiyar waya ko da famfon mai, zurfin da jirgin ke bukata ya koma ƙasa da mita 1. Jiragen Southerly na Ingila suna zuba nauyi mai yawa a allon kansa. Na Ovni, waɗanda kamfanin Alubat na Faransa ke ƙerawa da alminiyum, suna ajiye nauyin a ƙasan cikin jirgin su bar allon sakayau, har jirgin kan zauna a kan yashi idan ruwa ya janye.

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi. Tun cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023, kuɗin mai yana cinye ribar masunci, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa man ya yi wuyar samu. Iska kuwa ba a sayenta. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a kan Nilu. Jiragen fito na Aswan suna da allon ƙarfe da ake saukewa a ɗage, haka nan ƙananan jiragen ƙarfe na ƙungiyar matuƙa ta Blue Nile Sailing Club da ke Khartum, wadda aka kafa a 1926. Abin da ya yi shekaru yana aiki a ruwa mai laka ba za a kira shi wasan Turawa ba.

Masu ɗari-ɗari su ma ba su yi kuskure ba. Kuben nan rami ne a tsakiyar jirgi, kuma duk inda aka huda jirgi, nan ruwa zai fara neman hanya. Tsakuwa ɗaya ko lakar da ta bushe ta isa ta maƙale allon, ya ƙi hawa ya ƙi sauka. Wayar da ke ɗaga shi tana tsatsa a inda ido ba ya gani. Idan famfon ya lalace a Yauri ko a Baga, wa zai gyara, kuma ina kayan? Akwai kuma batun iskar kanta. Sa'ar Nilu ita ce ruwa yana gangarawa arewa, iska tana kaɗawa kudu, sai jirgi ya hau da iska ya sauko da ruwa. Kogin Kwara bai samu wannan tsari ba, ga guguwar farkon damina da kan faɗo babu sallama.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce abin da ke kashe mutane a ruwayenmu. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi, suna dawowa daga biki cikin dare a jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. Babu allon da zai hana irin wannan. Rigar kariya, da ƙidayar fasinja, da hana fiton dare, su ne maganinsa.

Bayan auna ɓangarorin biyu, ba ma goyon bayan kowace gwamnati ta kashe kuɗin jama'a wajen sayo jiragen yawo na ƙasashen waje da sunan bunƙasa yawon buɗe ido. An yi su ne don mai hali da ke kwana a teku, kuma gyaransu ya fi ƙarfin tashoshinmu. Amma dabarar ta cancanci aro, a sigarta mafi sauƙi: allo sakayau da mutum ɗaya zai ja da hannu, nauyi a ƙasan jirgi, da akwatunan iska a rufe gaba da baya don kada jirgin ya nutse ko da ya cika da ruwa. Mai walda a Gadarif ko Birnin Kebbi zai iya wannan.

Wurin gwaji shi ne tafki, ba kogi mai gudu ba, kuma da masunta za a fara, ba da jiragen fasinja ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa tana bakin Kainji, hukumar NIWA kuma ita ke da alhakin ƙa'idojin jiragen cikin gida. Su ƙera 'yan ƙalilan tare da masassaƙan yankin, su miƙa wa sarakunan ruwa, a yi rani da damina ana aiki da su, sannan a bayyana wa jama'a man da aka rage da kuɗin gyaran da aka kashe kafin a ƙara ko guda.