Jiyoloji: Kafin Ku Hango Fetur, Ku Leƙa Rijiyar Unguwarku

Ƙannenmu 'yan ajin ƙarshe na sakandare, lokacin cike fom ɗin JAMB ya ƙarato, kuma mun san yawancin 'yan ajin kimiyya likitanci suke hari. Wanda makinsa bai kai ba, wani lokaci sai a tura shi jiyoloji, ya tafi yana ɓata rai. A makon nan za mu tsaya kan wannan kwas, wato nazarin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, domin mu mutanen Amarawa da Illela muna da babban rabo a cikinsa.

Masana sun ƙiyasta cewa shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, teku ce ta malale wannan yanki, daga Sakkwato har cikin Nijar da Mali. Da ta janye, sai ta bar dutsen da ake haƙa a Kalambaina, inda aka fara yin siminti tun 1967. Irinsa ne ake sarrafawa a Malbaza, gaba da Ƙonni. A wajen Goronyo ma an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, har aka raɗa mata suna Goronyosaurus. Kamfanin siminti ba ya fasa dutse sai masanin jiyoloji ya auna kaurinsa da ingancinsa.

Amma a ganinmu, aikin da ya fi kusa da ku shi ne na ruwa. Kowa ya san labarin rijiyar burtsatsen da aka zuba wa kuɗin jama'a, ta yi wata biyu ta ƙafe. Sau da yawa dalilin shi ne an haƙa ba tare da awo ba. Mai jiyoloji yakan kafa ƙarafa a ƙasa, ya tura wutar lantarki, ya karanta yadda take ratsawa. Da haka yake bambance laka da yashin da ke riƙe ruwa, ya faɗi zurfin da za a kai kafin a tada injin. Hukumar RUWASSA ta jiha, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da ƙungiyoyin agaji, da masu injin haƙa, duk suna buƙatar mai wannan sani. Mutum zai iya tara kuɗi ya sayi na'urarsa, ya ci gashin kansa.

Fetur fa? Akwai shi, har an ƙaddamar da haƙa a Kolmani, iyakar Bauchi da Gombe, a 2022. Sai dai gurabun kaɗan ne, masu nema kuma ba iyaka, galibi sai mai sakamako na sama ko digiri na biyu. Kada wani ya ruɗe ku da albashin dala.

Akwai kuma ma'adinai da Hukumar Binciken Ƙasa ta tarayya. Ku tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare cikin gidaje ba a san abin da ke cikinsa ba. Gwajin dutse aikin mai jiyoloji ne.

Abin da ake nema: kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Karatun shekara huɗu ne, ana yinsa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano. Ku duba ƙasidar JAMB ta bana kafin ku zaɓi darussan jarrabawa, don jami'o'i sukan saɓa.

Ku sanar da iyaye tun yanzu cewa akwai fita daji, da guduma da taswira, cikin rana, kuma da kuɗin aljihu. 'Yan mata ma suna yi, suna kuma fice. Bayan kammalawa akwai rajista da majalisar COMEG. Kafin nan, ku koyi zana taswira da kwamfuta, wanda kuma ke jin Faransanci ya riƙe abinsa, domin duwatsun Tawa da na Sakkwato shimfiɗa ɗaya ce.