Kwalba Ɗaya, Sunaye Barkatai

Lemon kwalba ba wani abu ba ne illa ruwa da sukari da iskar kabon dayokzaid da aka matsa a ciki. Masanin kimiyya Joseph Priestley ne ya gano dabarar narkar da wannan iska cikin ruwa, a birnin Lids na Ingila, a shekarar 1767. Amma har yau masu magana da Ingilishi ba su tsaya a kan suna ɗaya ba.

A Amurka, mutanen Niyok da Kalifoniya "soda" suke cewa. Na Mishigan da Ohayo kuwa sai su ce "pop", wato kwaikwayon ƙarar marfi in an buɗe kwalba. A jihohin kudu kowane lemo sunansa "coke", domin a Atlanta aka fara sayar da Coca-Cola a 1886. A Ingila an fi cewa "fizzy drink", a Gilasgo "ginger", a ƙasar Ayilan kuwa "mineral", kalmar da ta zauna daram a Ingilishin Nijeriya.

Saboda haka, malamin da ya ja jan biro a kan "mineral", yana cewa ba Turanci ba ne, bai yi wa ɗalibinsa adalci ba. Irin wannan gyara shi ke sa yaro tsoron buɗe baki a aji. Abin da ya kamata shi ne a nuna masa inda kowace kalma take ci, don ya san wadda zai zaɓa gwargwadon wanda yake magana da shi. Hausawa dai sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.