Allurar bitamin ba za ta ci maka jarrabawa ba

'Yan uwa ɗaliban UNIMAID, musamman ƙannenmu 'yan aji ɗaya da biyu, jarrabawa ta matso, kuma na san abin da zai biyo baya: layi a kyamis. Wannan a yi masa allurar bitamin B, waccan a ba ta "maganin ƙarin jini", wai don kwanya ta buɗe. Wallahi kuɗinku kuke zubarwa.

Bitamin da kansa ba ya ba da ƙarfi. Ƙarfi daga tuwo da shinkafa da mai yake zuwa, aikin bitamin B shi ne ya taimaki jiki ya sarrafa su. To kai da ka wuni a laccar safe da ta yamma ba ka sa komai a ciki ba sai indomi da shayi ƙarfe 12 na dare, me allurar za ta sarrafa? Kuma rarar B da C ta fitsari take fita. Wannan ruwan ɗorawar da kake gani ka ce magani ya fara aiki, B2 ne ya kama gabansa.

Bitamin A kuwa hanta ce ke ajiye shi. Rashinsa ke kawo dundumi, yawansa kuma yana da illa, balle ga mai juna biyu. Tun 2002 doka ta wajabta wa kamfanoni su sa shi a sukari da fulawa da man girki, ga kuma manja da karas da zogale. Ba abin sha da ka ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne shayi. Ka ci wake, nan take ka kora da shayi mai kauri, alhali shayin na rage sinadarin ƙarfe da hanji zai ɗauka daga waken, wanda da shi ake gina jini. Lemon tsami ko goba su ke ƙara shi. 'Yan mata, ku wannan ya fi shafa.

Na sani, aljihu ba nauyi. Amma kuɗin allura biyu, in ku huɗu a ɗaki kuka haɗa, mutum ɗaya ya hau keke zuwa Gamboru ya kwaso ganye da tumatir, a ƙara da bandar kifin Kasuwar Baga saboda B12.

Wanda likita ya gwada ya rubuta masa, wannan daban, ya sha. Matan aurenmu masu ciki ma kada ku bar ƙwayoyin awo saboda wannan rubutun nawa don Allah.