A Bar Mai Zane Ya Leƙa Ofishin Manya

Da zarar 'yan bindiga sun afka wa gari, sai ka ji masu faɗa a ji suna jan kunne: harkar tsaro ba abin raha ba ce, zolayar shugaba kuma rashin tarbiyya ne. Masu mulki wannan magana take yi wa rana. Ba ta tsinana wa mutanen Yargoje komai ba.

A watan Yunin 2024 aka kai wa garin hari, a ƙaramar hukumar Ƙanƙara. Mazauna suka ce an kashe mutum kusan 50, 'yan sanda suka ba da adadi ƙasa da haka. Sanarwar hukuma ta biyo baya da Allah wadai, da jaje, da alkawarin kamo ɓata-gari. Kusan kalmomin da aka ji ke nan a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Wa ke rubuta waɗannan takardu, kuma me ake faɗa a ɗakin da ake rubuta su kafin a sa hannu? Talaka a Faskari ko Sabuwa bai taɓa gani ba.

Faransawa sun leƙa irin wannan ɗaki. A 2010 Antonin Baudry, wanda ya yi aiki da ministan harkokin waje Dominique de Villepin, ya haɗa kai da mai zane Christophe Blain suka fitar da Quai d'Orsay, labari cikin zane a kan ma'aikatar. A cikin labarin, minista na shigowa ƙofa ta buga, takardu su tashi sama. Yana riƙe da alƙalamin shafa wa rubutu launi, yana jawo zancen wani masanin Girka na dā, yana mayar wa matashin marubucinsa da jawabi ba tare da ya karanta shi sosai ba. Abin dariya ne, amma mai karatu yana gamawa ya san yadda ake dafa irin jawabin da Faransa ta yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2003, na ƙin yaƙin Iraƙi.

Kada a ce ɗabi'ar Turawa ce. A wasan gauta matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, 'yan kama kuma malamai suke tsokana. Mustapha Bulama na Daily Trust ya daɗe yana zana manyan Abuja, ƙasa ba ta tsage ba.

Baudry ya ɓoye sunansa da farko. Ya bayyana kansa a 2013 da kashi na biyu na littafin ya ci babbar kyautar bikin littattafan zane na Angoulême, kuma bai rasa aikinsa na jakadanci ba. Amma a Kano, a Nuwamban 2022, kotun majistare ta sa aka yi wa matasa biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar kotu ta kwana 30, saboda sun zolayi Gwamna Ganduje a TikTok.