Filin Masu Abin Hawa: In kilinyotan ɗin tsohon babur ya ƙi ƙiftawa

A wannan mako filin namu zai tsaya ne kan ƴar fitilar nan mai ruwan lemo da ke gefen babur, wadda muke kira kilinyotan, maƙwabtanmu na Katsina da Kano kuma suke ce mata sigina. Mutane da yawa sun ɗauke ta kayan ado, in ta mutu sai su ce ai hannu ma ya isa. To, a ƙasarmu hannun dama ake bi, saboda haka duk mai juyawa hagu sai ya gitta gaban wanda ke tafe daga gaba da kuma wanda ke son wuce shi daga baya. Bayan magariba, ko ranar da hazo ya rufe gari, direban babbar mota ba ya ganin hannun kowa. Tarar ɗan sanda ita ce mafi sauƙi daga cikin abin da ke iya biyo baya.

Kafin ka taɓa komi, malam mai babur, kunna makulli ka gwada hagu, ka gwada dama. In gefe ɗaya kaɗai ya ƙi, laifin yana ga kayan wannan gefen: ƙwan fitila, wayarsa, ko maɓallin da ke kan hannu. In duka biyu suka ƙi, sai a koma ga abin da suka yi tarayya a kansa, wato batir, fis, da ƴar na'urar da ke sa ƙiftawa, wadda makanikai ke kira santiral. Wannan rabon kaɗai yana hana a kwance maka rabin babur a banza.

A gani na batir ne ya fi kowa laifi, kuma shi ne aka fi yi wa uzuri. Ga dalili. A yawancin tsofaffin babura irin su Yamaha Mate da Honda CG 125 na farko, injin yana tashi da ƙafa, babbar fitila kuma kai tsaye take shan wuta daga injin. Batir yana iya mutuwa wata da watanni mai shi bai sani ba, tunda babur na tafiya, fitila na haske. Kilinyotan da oda da fitilar birki su ne ke dogara da batir. Don haka danna oda injin na kashe. In ta yi kukan mai mura, ko kuwa kilinyotan ba ya ƙiftawa sai an ba injin wuta, ka gano ɓarawon. Batir mai bolt 12 da ya cika yana nuna kamar 12,6 a ma'auni, mai bolt 6 kuma kamar 6,3. Zafin watan Afirilu da Mayu yana ƙafar da ruwansa. A ƙara masa tataccen ruwan batir zuwa layin da aka zana. Ruwan rijiya da na pampo suna ɗauke da gishirin da ke cinye shi, ƙarin asid kuma ba ya tayar da shi.

Sai ƙwan fitila. A nan akwai tarko ga wanda ke saye da gaggawa a kasuwa. Tsofaffin babura da yawa masu bolt 6 ne, na baya kuma bolt 12, alhali ƙwayayen kamanninsu ɗaya. Ƙwan bolt 12 a babur mai 6 sai ya yi ja kamar garwashi, na 6 a babur mai 12 kuwa nan take yake ƙonewa. Ƙarfin ƙwan ma yana da muhimmanci, domin tsohon santiral da zafi yake aiki. A cikinsa akwai ɗan siririn ƙarfe da wutar da ƙwayaye ke ja take ɗumamawa, ya lanƙwashe ya yanke wutar, ya huce ya koma ya haɗa. In ƙwan baya ya mutu, wutar da na gaba ke ja shi kaɗai ba ta isa ta ɗumama ƙarfen, sai fitilar ta kama ta tsaya cak. Sabon santiral na zamani kuwa sauri yake ƙarawa in ƙwai ɗaya ya mutu. Ƙa'idar da masu ƙera babura ke bi ita ce ƙiftawa 60 zuwa 120 a minti. Galibi an rubuta ƙarfin ƙwan da ya dace a jikin santiral ɗin. A karanta kafin a saya. Haka nan masu sa ƙwayayen LED a tsohon babur su san cewa wutar da suke ja kaɗan ce ƙwarai, sai an canza santiral zuwa irin nasu.

Gwajin santiral mai baki biyu ba wuya. A zare wayoyinsa biyu a haɗa su da juna, a tura maɓalli. In fitilun suka kama ba ƙiftawa, sauran hanya lafiya take, shi ne ya mutu. Kada a yi wannan ga mai baki uku, domin ɗaya daga ciki na iya zama na mas, sai fis ya ƙone.

Mas ɗin nan, wato hanyar da wuta ke bi ta jikin ƙarfen babur ta koma batir, shi ke sa mutane su fara zancen aljannu. Ka kunna hagu, fitilar baya ta riƙa ƙiftawa tare da shi. Ka taka birki, komi ya dushe. Tsatsa ce ta shiga tsakanin ƙafar kilinyotan da jikin babur, ko noti ya saki, wutar ta rasa hanyarta ta bi ta wani ƙwan. A kwance, a goge da takardar yashi har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau. Bayan damina aka fi ganin wannan.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe kafin ya miƙa babur ga yaron gareji. Launin wayoyi ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. A Honda, mai ruwan lemo ta hagu ce, mai shuɗi-shuɗi ta dama, kore ita ce mas, baƙa kuma ita ke ɗauke da wuta in an kunna makulli. A Yamaha, baƙa ita ce mas, kore mai duhu ta kilinyotan na dama ce, mai ruwan ƙasa mai duhu ta hagu. Yaron da ya koyi aiki kan Yamaha, in ya ɗauki baƙar wayar Honda ya ɗaura a jikin ƙarfe, fis zai tashi nan take. In kuwa an riga an maye fis da zaren waya ko takardar kwalin taba, kamar yadda wasu ke yi, wayoyin ne za su narke, kuma a ƙarƙashin tankin mai suke bi.

In kilinyotan yana kamawa yana saki yayin da kake murɗa kan babur, waya ce ta karye cikin rigarta a wuyan babur, inda take lanƙwasawa kullum. Maɓallin hannu kuma, wanda ake kira komodo, ƙura ce ke toshe shi. Wanda zai buɗe shi ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa tukuna, don akwai ƙaramin sifirin da ɗan ƙwallon ƙarfe a ciki, in suka yi tsalle cikin rairayi sai dai a sayi sabon komodo.