Araha ba ta ado

Ƴan uwana mata masu asusu, na cikin garin Tawa da na ƙauyukan Adar, daga Barmu da Kalfu har Afala da Takanamat.  

Wanga karo maganar kanti za mu yi. Kowa ta ga yadda sabbin kantuna ke tashi cikin gari, masu ƙofar gilashi da firijo da daɓe mai sheƙi, waɗanda muke kira alimantasiyo. Cikin ƙungiyoyinmu ma akwai matan da sana'arsu ta fara kama ƙasa, suna tunanin cin bashin asusu su tashi daga tebur su koma butik mai ƙyalli. Burin ba laifi ba ne. Amma kafin a buɗe akwati, mu ji yadda ta kasance da manyan da sunka riga mu bin wagga hanya.

Mu fara da Kano, tunda ita ce uwar kasuwarmu. Akwai wani babban kamfani na Afirka ta Kudu mai suna Shoprite. A ƙasarsa da araha ya yi suna, kantin talaka ne. Ya shigo Najeriya a 2005, ya fara da Legas. A watan Maris na 2014 ya buɗe a Kano, cikin katafaren ginin nan na Ado Bayero Mall da ke titin gidan Zu. Wuri ne mai sanyi kamar hunturu, ga masu gadi a ƙofa suna bincike, ga filin ajiye motoci, ga keken tura kaya. Kantin araha ya shiga rigar masu kuɗɗi.

Mutane sun yi tururuwa, musamman ranakun salla. To amma me ya kai su? Da yawa kallo ne da ɗaukar hoto da shan sanyi. A sayi burodi da lemo a fito. Cefanen gida kuwa yana nan inda yake: kayan masarufi a kasuwar Singa, atamfa a Kantin Kwari, hatsi a Dawanau. A 2021 kamfanin ya sayar da kantunansa na Najeriya ga ƴan ƙasa, kuma a watan Janairu na 2024 anka rufe reshen Kano. Masu shi sun ce yanayin kasuwanci ne ya yi tsanani, kuma gaskiya ne, don a 2023 naira ta faɗi, mai ya yi tsada. Sai dai wannan tsada ta shafi ƴan Singa su ma, ga su nan suna ciniki har yau.

Abin lura shi ne yadda mai saye ke tunani. Mace ba ta jira ta ga farashi, daga bakin ƙofa take yanke hukunci. In ta ga gilashi da mai gadi, zuciyarta ta gama gaya mata cewa nan ba wurinta ba ne, ko da sabulun ciki ya fi na kasuwa sauƙi. Tana tsoron ta ɗauki abu, a je wurin biya kuɗɗinta su gaza, a bar ta tsaye mutane na kallo. Wadda ta yi ƙarfin hali ta shiga kuma, lissafi take yi a ranta: wa ke biyan wannan wuta, wa ke biyan wannan mai gadi, in ba ni ba?

Sannan akwai abubuwa huɗu da kasuwa ke ba mu waɗanda kantin gilashi ba ya bayarwa. Tayi: ki taya, a ce albarka, ki ƙara, a sallama. Gyara: bayan an cika tiya a ɗora miki ɗan hannu. Ƙulli: man dala 10, sukarin dala 5, daidai aljihunki na yau. Da bashi: ki ɗauka yau, ki biya in maigida ya aiko daga Abijan ko Libiya. Waɗannan huɗu su ne arahar talaka. In an cire su, ko an rage farashi a takarda, ita dai tsada ta gani.

To in talaka ya ja baya, mai kuɗɗi zai cike gurbinsa? Nan ma da wuya. Ga labarin wani kanti na Faransa mai suna Tati. Kun san babbar jakar nan ta leda mai zane da zip wadda ƴan ci-rani ke ɗuro kaya ciki? A Faransa jakar Tati wasu ke ce mata. An kafa kantin a 1948 a unguwar Barbes ta birnin Paris, unguwar baƙi ƴan Afirka da Larabawa. Kaya ake zubewa cikin manyan kwanduna a bakin titi, kowa ya tona ya zaɓa. Da kuɗɗi sunka taru, sai ya buɗe kantin zinari a titin attajiran Paris, ya tsallaka har birnin New York na Amurka. Ya kasa biyan bashi, a 2004 anka sayar da shi, a 2021 kuma anka rufe uwar kantin ta Barbes. Ba hawa sama kaɗai ya kashe shi ba, wasu masu araha sun taso sun kwashe masa mutane lokacin da hankalinsa ke wani wuri. Ita kuwa matar attajiri, ko zinarin na da kyau, ba ta son a ce a kantin gwanjo ta saye shi. Hausawa sun riga sun faɗa: araha ba ta ado. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Shi kansa Shoprite a gida bai yi wannan ganganci ba. A Afirka ta Kudu ƙofa uku gare shi, kowace da sunanta. Checkers na masu hali ne, Shoprite na tsaka-tsaki, Usave kuma ƙaramin kanti ne marar ado, mai kaya kaɗan, na masu ƙaramin ƙarfi. Mai gida ɗaya ne, amma bai tilasta wa talaka bi ta ƙofar mai kuɗɗi ba.

Yanzu mu dawo Adar. Mun san yadda kuɗɗi ke tafiya a ƙasarmu. Bayan kaka akwai su, gab da salla akwai su, in ƴan ci-rani sun dawo akwai su. Amma daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wa ke riƙe da sana'arki? Mai dala 10 ce, wadda ke zuwa kullum da safe. Mai sayen kwali guda sau nawa kike ganinta a shekara? Kada ki kori mai zuwa kullum don jiran mai zuwa sau biyu.

Ga lissafi, kowace ta yi shi da nata alƙaluma. A ce kin ci bashin jikka 50 don gilashi da fenti, ƙungiyarku kuma na karɓar 10 bisa 100 a wata. Jikka 5 ke nan kowane wata, uwar kuɗɗi na nan ba ta motsa ba. In ribarki a sabulu guda dala 5 ce, sai kin sayar da ƙarin sabulu 200 a wata kafin ki biya wannan jikka 5 kaɗai. Gilashi zai kawo miki waɗannan mutane 200? In kuwa jikka 50 ɗin nan kaya kinka saro da su, kayan da kansu za su biya bashin. Firijo ya bambanta, don shi yana aiki: ƙanƙara da ruwan sanyi na fita lokacin zafi da azumi. Shi ma a sa kuɗɗin wuta cikin lissafi, da ranakun da babu wutar.

Ban ce a zauna cikin ƙazanta ba. Shara, rufe abinci daga ƙuda da ƙura, jera kaya da kyau, mudu na gaskiya, sakin fuska, duk ba su cin ko dala. Wadda Allah ya buɗa wa har ta gina butik, madalla, amma ta bar teburin a bakin ƙofa da ƙulle-ƙullensa, ta bar littafin bashi, ta ci gaba da gaida mutane da sunansu. In tana son kawo turare da atamfa mai tsada, ta ware musu gefe guda, kada su ture gishiri da daddawa.

Mu masu saye kuma, kada ƙofa ta tsorata mu, kada kuma ta ruɗe mu. Shiga kanti ba a biya. Ki shiga, ki duba farashin lita ko kilo, ki gwada da na kasuwar Lahadi, ki sayi inda ya fi miki. In a kwali abin ya fi sauƙi, ku haɗa kuɗɗi ku biyar ko goma ku saya ku raba. Dubarar da anka kafa Mata Masu Dubara a kanta ke nan tun 1991 a jihar Maraɗi: abin da ɗaya ba ta iyawa, taro na iyawa.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyi: duk wadda ta nemi bashi don gyaran wurin sana'a, a tambaye ta gaban kowa, cikin mutunci, su wane ne masu sayenta na yau, kuma za su biyo ta sabon wurin? In ta amsa da lissafi, a ba ta. In ba ta da amsa tukuna, ta jira zama na gaba ta zo da ita. Kuɗɗin akwati zubin kowa ne.

Allah ya ba mu ciniki mai albarka, ya kare mu daga bashin da ba ya biyan kansa.